Ciyar da Kifin Tankin Murjani a Akra: A Tsuke Hannu Ko A Sake?

Masu ajiye kifin teku da murjani mai rai a tankin gilashi ba su da yawa a Akra, amma 'yan kaɗan ɗin da ake da su, daga Nima da Mamobi har Madina, sun rabu gida biyu a kan maganar abinci. Wasu na ganin a tsuke hannu: a ba kifi ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, wani ma yana tsallake kwana, don ruwa ya zauna garau kuma gansakuka kada ta samu abin ci. Wasu kuma na cewa a sake hannu, a ciyar sau uku ko huɗu, sannan a sa na'urori su kwashe dattin da ya biyo baya. Wanda ya sayi tankinsa na farko yakan ji duka biyun a mako guda, ya rasa na ɗauka. Kowane ɓangare yana da hujja ta gaskiya, amma ba kowace hujja ce ta dace da garinmu, da wutarmu, da zafinmu ba.

Da yawa daga cikinmu mun fara sanin kiwon kifi ne ta tarwaɗa a bayan gida, ko tilapiyar da ake kiwo a keji a tafkin Volta wajen Akosombo. Can burin mai kiwo nauyi ne: kifi ya ci, ya yi ƙiba, a sayar. Ruwan tafki yana tafiya da kashinsa, na kududdufi kuma ana zubarwa a sake wani da arha. Tankin murjani ba haka yake ba. Ruwan da ke ciki kai ka haɗa shi da gishirin da aka shigo da shi daga waje, kuma duk abin da ka zuba yana nan har sai wani abu ya fitar da shi. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da kwata ɗaya: yawan wankin da za a iya yi a tsakar gida ya dogara ga faɗin kwatar.

Ga abin da ke faruwa da abincin. Kifi ya ci, ya fitar da amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa. Bakteriyar da ke zaune a duwatsu da yashi ta mayar da amoniya naitirait, ta sake mayar da shi naitiret. Na farko da na biyu guba ne, dole gwaji ya nuna sifili. Na uku yana taruwa a hankali, tare da fosfet da ke cikin kowane irin abinci. Waɗannan biyun su ne takin gansakuka, kuma su ne ma'aunin da za ka riƙa dubawa.

Lissafin yana da sauƙi, kuma yana da kyau mutum ya yi shi ko sau ɗaya. Ka ɗauki giram 1 na busasshiyar tsabar abincin kifi mai furotin kashi 45 cikin ɗari. Kusan kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne, wato miligiram 72. In duka ya koma naitiret, zai ba da kusan miligiram 320. A tanki mai lita 200, wannan ƙarin miligiram 1.6 ne a kowace lita, daga giram ɗaya tak. In kuma tsabar tana da fosforos kashi 1 cikin ɗari, kamar yadda ake gani a jikin gwangwanaye da yawa, giram ɗin zai iya ƙara fosfet kusan miligiram 0.15 a kowace lita. Ba duka ke zama a ruwa ba, domin wani yana zama tsokar kifi, wani murjani ya sha, wani na'ura ta kwashe. Amma ka riƙe cewa yawancin masu wannan sana'a suna neman naitiret ya tsaya tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Ka ga ke nan ɗan abin da yaro zai ɗebo da yatsu uku zai iya tsallakar da fosfet iyakarsa a wuni guda.

Wannan lissafin shi ne ƙarfin masu tsuke hannu. Hanyarsu ba ta cin kuɗi. Abinci yana daɗewa, gilashi ba ya saurin yin kore, canjin ruwa ba ya matsa maka. Ga sabon tanki kuwa, wanda bakteriyarsa ba ta gama zama ba, babu ma wata hanya sai ita. Makonni huɗu zuwa shida na farko tanki yana gina bakteriyarsa ne, kuma ko bayan an sa kifi, watannin farko na lallaɓawa ne.

Inda hanyar ke karyewa shi ne idan ta zama ɗabi'a ta dindindin. Mutane suna jin cewa ruwan da murjani ke tsirowa a teku kusan babu naitiret a ciki, sai su ɗauka sifili shi ne buri. Gaskiya ne ruwan can ba shi da narkakken taki, amma igiya tana kawo ƙananan halittu dare da rana, kifi yana tsinta tun fitowar rana har faɗuwarta, murjani kuma yana miƙa hannayensa da dare yana kamawa. A tanki babu wannan igiyar. Idan ka hana abinci har gwaji ya nuna sifili a duka biyun, murjani yakan koɗe, ya daina girma, domin ƙananan tsirran da ke zaune a cikin naman jikinsa, masu haɗa masa abinci da haske, su ma suna buƙatar ɗan naitirojin da fosforos. Mafi muni, irin wannan tankin ne wata majina mai launin ƙasa-ƙasa da kumfa a jikinta ke son mamayewa, wadda ake kira dainofilajelet. Tana kashe dodon koɗi, tana rufe murjani, kuma korar ta ta fi korar koriyar gansakuka wuya nesa ba kusa ba.

Sai kuma kifin kansa, wanda shi ne ya fi damuna. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da inda zai je ya nema. Mun taso muna jin hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ban ga yadda za a horar da kifi da yunwa don gilashi ya yi ƙyalli a falo ba. Kifin da ba ya ƙoshi yana nunawa: ciki ya lotsa, naman bayan kai sama da idanu ya zube, faɗa ya yi yawa, wasu ma su fara tsinken murjanin da a da ba sa kula shi. Kuma shi ne na farkon kamuwa idan cutar fararen ɗigo ta shigo. Ka tuna mafi yawan waɗannan kifaye daga Indonesiya, Filifin, Kenya ko Bahar Maliya ake kawo su, kuma ana hana su abinci kafin a sa su a leda don kada su ɓata ruwan tafiya. Suna isowa da rama. Sabon kifi yana buƙatar a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa har ya murmure, ko da mai tankin ɗan tsuke hannu ne.

Hanyar sake hannu ta fi kama da rayuwar teku, kuma idan ta yi kyau, ba a haɗa ta da ɗayar: kifi cike da jiki, launi ya fito, murjani yana ƙara rassa, kifin kilawun ma har ƙwai suke sakawa a jikin dutse. Amma sharaɗinta shi ne fitarwa ta yi daidai da shigarwa. Kana buƙatar sikima mai ƙarfi, wato na'urar da ke kaɗa kumfa ta kwashe datti kafin ya ruɓe. Kana buƙatar ƙaramin tanki a ƙasa inda ake kiwon ciyawar teku ta kaito da fitila, tana shan naitiret da fosfet kana yanke ta kana zubarwa. Kana buƙatar auduga ko safar tacewa da ake wankewa duk bayan kwana biyu ko uku, da famfunan da ke juya ruwa don kada saura ya kwanta a lungu. Duk abin da na lissafa, ban da audugar, da wuta yake aiki.

Nan ne maganar ta zama tamu ta Akra. Duk wanda ya zauna a garin nan shekarun 2014 da 2015 ya san dumso, wato yawan ɗauke wuta, kuma ko yanzu ba wanda zai rantse cewa wuta ba za ta ɗauke da tsakar dare ba. Ruwan gishiri tun asali ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi: a zafin digiri 25, ruwan daɗi yana riƙe sama da miligiram 8 a lita, na teku bai kai 7 ba, kuma yana ƙara raguwa idan ruwan ya ɗumama. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26, alhali a watannin Fabrairu, Maris da Afrilu zafin rana a Akra yana haura 30, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Tankin da ake ciyarwa da yawa yana da kifi mai narkar da abinci, da bakteriya mai yawa, duka suna jan oksijin. Famfo ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifi sun taso sama suna haki. Tankin da ake ciyarwa daidai-wa-daida yana da sauran numfashi da zai kai shi safiya. Ƙari a kan haka, amoniya ta fi dafi a ruwa mai ɗumi kuma mai kaifin alkali, wato akasin tsami, irin na teku. Saboda haka wanda ba shi da inbata da batir, ko sola, ko aƙalla ƙaramin famfon iska mai batir, bai kamata ya shiga hanyar sake hannu ba, komai kyan hotunan da yake gani a YouTube daga Jamus ko Amurka. Kuma ƙa'ida ce ga kowa: idan wuta ta ɗauke, ba a ciyarwa. Lafiyayyen kifi ba zai mutu don ya kwana biyu bai ci ba.

Wani zai ce ai sai ya riƙa canza ruwa da yawa. Canjin kashi 10 cikin ɗari yana cire kashi 10 ne kawai na naitiret: in yana 20, ya koma 18. A tanki mai lita 200, lita 20 ke nan a mako, kowace lita kuma tana cin gishiri kusan giram 35 ko ɗan fiye, wato kusan kilo 3 a wata, na gishirin da farashinsa ke bin dala ba sidi ba. Ruwan haɗawar ma sai an tace shi da na'urar RO, domin na famfo da na rijiyar burtsatse suna iya zuwa da nasu naitiret da fosfet. Ɗebo ruwa daga bakin teku a Jamestown ko Chorkor kuwa ba shawara ba ce, duk wanda ya ga abin da kwatocin gari da tafkin Korle ke zubarwa a wurin ya san dalili. Canjin ruwa yana taimakawa, amma ba zai ɗauki nauyin hannu mai yawa shi kaɗai ba.

Kafin ma a zo ga yawan abinci, nau'in kifin ya riga ya yanke rabin hukuncin. Kilawun, ɗan kifi mai ruwan lemo da fararen ɗamara uku, yana rayuwa lafiya da sau ɗaya ko biyu a rana, kuma yana karɓar tsaba ba gardama. Gobi da bileni da yawancin ƙananan ras haka suke, suna kuma tsintar abin da ke jikin dutse. Tang mai kiwo ne, hanjinsa dogo, a teku wuni yake yana gurgurar ciyawa. Shi sai an maƙala masa busasshiyar ciyawar nori a gilashi kusan kullum, irin wadda ake naɗe sushi da ita, ana samunta a manyan kantuna, amma a duba ta zama marar gishiri, marar mai, marar yaji. Antiyas, masu kyan nan ja da ruwan hoda, ba sa jure ƙasa da sau uku a rana, suna ramewa a idonka. Mandarin ba ya ma kallon tsaba galibi, ƙananan ƙwarin kofifod yake tsinta wuni guda, sai tsohon tanki mai duwatsu da yawa. Kifin zaki kuwa akasin haka ne, loma babba sau biyu ko uku a mako ta ishe shi. Wanda ya zaɓi tsuke hannu sannan ya sayo antiyas ya haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. A ganina mai tanki a Akra ya bar antiyas da mandarin a kanti har sai ya shekara da tanki lafiya kuma ya tanadi wutar da ba ta yankewa.

Irin abincin ma yana canza lissafi, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Daskararren abinci, irin su maisis da atimiya, wasu ƙananan halittu dangin jatan lande, mafi yawansa ruwa ne, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Tsaba kuwa busasshiya ce, ruwanta bai wuce kashi 10 ba. Ƙwaya ɗaya ta daskararre mai nauyin kusan giram 3 ba ta fi sulusi ɗaya zuwa biyu na giram ɗin tsaba ƙarfi ba. Wanda ya saba da daskararre ya koma tsaba yana zuba adadin da idonsa ya saba gani, ya ninka abincin sau da yawa bai sani ba. Bayan mako biyu sai ga jar majina a kan yashi, ya ce tsabar ce ba ta da kyau. Ruwa ba ya tsami banza.

Daskararre ya fi jan hankalin kifi mai tsirfa, murjani ma yana samun rabonsa daga ɓurɓushin. Maisis ya fi atimiya gina jiki sosai, atimiya babba in ba a ƙosar da ita ba kusan ɓawo ce da ruwa. Matsalarsa a wurinmu firiza ce: abin da ya narke ya sake daskarewa, ya sake narkewa, ya lalace, kuma ba ka san sau nawa hakan ta faru ba kafin ya iso hannunka. In ka ga ƙwayoyin sun manne sun canza siffa ko launi ya yi duhu, bar shi. Tsaba mai kyau, irin ta Hikari ko New Life Spectrum da aka yi don kifin teku, ba ruwanta da wuta, ana iya auna ta, ana iya sa ta a na'urar ciyarwa. Abokin gabarta danshin Akra ne. Sayi ƙaramin gwangwani, rufe shi gam, kada ka sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki.

Muna da wata dama da mazauna nesa da teku ba su da ita. Ɗanyen jatan lande sabo, da naman kawa irin wadda mata ke ɗebowa a bakin kogin Densu wajen Tsokomey, da ɗan farin naman kifin teku, a wanke, a daddatse ƙanana daidai bakin kifinka, a haɗa da ɗan nori, a shimfiɗa a leda fale-fale a daskarar na wasu kwanaki kafin a fara ɓantara. Abinci ne mai kyau da arha. A kiyayi jatan landen kwali na shagunan sanyi, domin sau da yawa ana jiƙa shi da sinadarin fosfet don ya riƙe ruwa, kai kuma fosfet kake gudu. Kada amane da ƙananan kifin Keta su zama abincin kullum, suna da mai da yawa, kuma ɗanyensu yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1. Kyafaffen kifi, da kobi mai gishiri, da burodi, da gari, da abincin tarwaɗa, babu ɗayansu da ke shiga tankin murjani. Wannan sai an faɗa wa yaran gida da baƙi ƙarara, domin kifi yana tasowa gaban gilashi duk lokacin da mutum ya matso, kuma mai tausayi zai ɗauka yunwa ce.

Ga wanda ya tambaye ni wanne zai ɗauka, in tankinsa lita 150 zuwa 300 ne, da sikima madaidaiciya, da wutar gari da ɗan batir: ya ɗauki yawan lokuta daga masu sake hannu, ya ɗauki ƙanƙantar loma daga masu tsuke hannu. Sau biyu a rana, tsaba da safe bayan fitila ta kama, daskararre ko haɗin gida da yamma bayan la'asar, kowanne abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu ba tare da ya kai ƙasa ba. A tanki mai kilawun biyu, gobi, bileni da ƙaramin ras, jimillar wuni ba za ta wuce kwatankwacin ƙwaya ɗaya ta daskararre ba a farko. A kashe babban famfo minti goma don kada abinci ya tafi matata, a zuba kaɗan, a jira, a ƙara, ana kallon mai kunyar da ke ɓuya bayan dutse ya samu nasa. Cikakkiyar hanyar sake hannu ta mai sola ce ko inbata mai ƙarfi, da na'urar sanyaya ruwa, da tankin ciyawa a ƙasa. Cikakkiyar tsukewa kuma ta sabon tanki ce, da makon da zafi ya tsananta ko wuta ke yawan yankewa.

Daga nan gwaji ne zai ja ragama. A samu ma'auni ɗaya da ba ya canzawa, ƙaramin cokali ko murfi, a daina ɗiba da yatsa. A gwada naitiret da fosfet rana ɗaya a kowane mako, da kayan gwaji irin na Salifert ko Hanna, a rubuta a littafi. Lambar rana guda ba ta faɗin komai, inda take dosa cikin makonni uku shi ne labari. In suna hawa, a rage abinci da kashi ɗaya cikin biyar, a wanke matata, a duba ko wani abu ya mutu a lungu, a jira mako biyu kafin a sake taɓawa. In suna gangarowa sifili, a ƙara da irin wannan adadin. In gwaji ya nuna sifili amma gansakuka ta cika duwatsu, takin yana nan, ita ce ke shanye shi kafin ka auna. In kuma lambobi suna hawa alhali kifi da rama, abincin bai yi yawa ba, kifin ne suka fi ƙarfin tankin, sai a rage su ko a ƙara na'ura.

Saura maganar tafiya. Lokacin Sallah da yawa suna wucewa Kumasi, Tamale ko Bawku, wasu Umara ko Hajji. Tafiyar kwana biyu ko uku, tanki mai kilawun da gobi ba ya buƙatar kowa ya ciyar da shi. In ta fi haka, a ƙulla abincin kowace rana daban a 'yar takarda ko akwatin magani mai gida bakwai, rabin abin da aka saba bayarwa, a ɓoye gwangwanin. A ce wa ƙanen da aka bar wa amana: ƙulli ɗaya a rana, in ka manta jiya kada ka haɗa biyu yau, in babu wuta kada ka ba su komai, ka kunna famfon batir, kuma ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwan daɗi ake cike shi, ba da na gishiri ba.